A KARANTA MANA ƘIYASI KAFIN A AZA BULO ƊAYA

Zuwa ga rassanmu na Bazaga, Birnin Ƙonni, Alela, Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa, Illela da Badagishiri. A karanta wannan takarda ran kasuwa a gaban jama'a. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Yau za mu yi magana a kan wani ma'aikaci wanda yawancinku ba ku taɓa ganin fuskarsa ba, alhali kuwa babu ajin makaranta, ko ɗakin shan magani, ko rijiya, ko rumfar kasuwa da aka gina da kuɗin hukuma a ƙasar nan ba tare da ya sa hannu ba. Shi ne mai ƙiyasi, wato mutumin da ke zama da zanen gini da alƙalami ya ƙidaya bulo nawa za a ci, siminti buhu nawa, rodi sanda nawa, yashi da tsakuwa mota nawa, kwano bandir nawa, magina da leburori kwana nawa, sa'an nan ya ɗora farashi a kan kowane layi, ya tara jimla a ƙasan takarda. Wannan jimla ita ce ake fitarwa daga baitulmali. Baitulmali kuwa harajinku ne, da kuɗin tikitin kasuwa da kuke biya, da bashin da aka ciwo da sunan 'ya'yanku.

Mun saba zagin ɗan kwangila in gini ya tsage, domin shi muke gani da mota. To, Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Ginin da zai faɗi, da kuɗin da za a ci, yawanci an riga an gama da su a kan takarda tun ba a haƙa ramin harsashi ba. Don haka muke cewa wannan takarda ta fito daga aljihun tebur, a kafe ta a bango, a karanta ta da Hausa.

MENE NE AIKIN MAI ƘIYASI?

Kada kowa ya tsorata ku da cewa ilmin nan ya fi ƙarfin talaka. Aikin yana da wuya, yana son haƙuri da gaskiya, amma gindinsa awo ne da ƙidaya, kuma hawa huɗu ne.

Hawa na farko, awo. Mai ƙiyasi ya ɗauki zane ya fitar da tsawon bango da faɗinsa, zurfin harsashi, kaurin daɓe, faɗin rufi.

Hawa na biyu, juya awo ya zama kaya. Bulon siminti da aka saba yana da tsawon santimita 40 da tsayin santimita 20, saboda haka murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 12 da rabi. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 su ne tan ɗaya. Kankaren da ake zuba wa ginshiƙi da linta, wanda ke da rodi a ciki, yana son siminti kilo 350, wato buhu 7, a kowane kubik. Kubik kuwa shi ne cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi. A kan buhu bakwai ɗin nan ake zuba yashi wajen lita 400 da tsakuwa wajen lita 800.

Hawa na uku, farashi. Nawa ake sayar da kowane abu a kasuwar da ta fi kusa, nawa ne kuɗin mota har bakin aiki, nawa ne ladan magini da lebura da mai jan ruwa.

Hawa na huɗu, abin da ake ɗorawa a sama: ɓarnar kaya da fashewar bulo, hidimar ofishin ɗan kwangila, ribarsa ta halal, da harajin kashi 19 cikin 100 da hukuma ke karɓa a kan ciniki.

Aikinsa bai ƙare a nan ba. In an fara gini, shi ne zai zo ya auna abin da aka yi kafin a biya kowane kaso. In ya ce an zuba kubik 6, za a biya kubik 6, ko da 4 aka zuba. Ashe kun ga makullin baitulmali yana rataye a wuyansa.

MU ƘIDAYA AJI ƊAYA TARE

Ku ɗauki ajin makaranta irin wanda aka saba ginawa, mita 9 a tsawo, mita 7 a faɗi. Kewayensa mita 32 ne. In bango ya tashi mita 3 da rabi, ya zama murabba'in mita 112. A cire ƙofa da tagogi, a ce 12, saura 100. A ninka da 12 da rabi, bulo 1,250 ke nan. A ƙara kashi 5 cikin 100 don wanda zai fashe, sai mu sami wajen 1,310. Ɗan makarantar da ya gama aji shida zai iya wannan lissafi a kan allo. In kuka ga takarda ta ce bangon aji irin wannan zai ci bulo 1,800, ku tambaya ina za a kai sauran 490.

Wannan ita ce sata ta farko, ta kumbura takarda. Ta biyu kuwa ita ce ta rage kaya, kuma ita ta fi muni domin rai take ci. Magina na ƙwarai sun san buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 ba. In aka buga 35, ajinmu zai ci buhu 38. In aka matse buhu ya haifi bulo 55, zai ci 24 kawai. An ɓoye buhu 14, an bar mu da bulon da yaro zai murje da yatsa. Daɓen aji murabba'in mita 63 ne. In takarda ta ce kaurinsa santimita 10, a buhu 6 kowane kubik, wajen buhu 38 ke nan. In aka zuba santimita 6, buhu 23 sun isa. An ɓoye 15. A ce ginshiƙai da linta da harsashi sun ci kubik 6, aka zuba buhu 5 maimakon 7. An ɓoye 12. Ku tara: 14 da 15 da 12, buhu 41, fiye da tan 2 a aji ɗaya tak. A jerin aji uku an kwashe kusan tan 6, kuma in an shafa fenti babu mai ganewa sai damina ta uku.

Haka rodi. Rodi mai kaurin milimita 12 yana da nauyin gram 888 a kowace mita, mai milimita 10 kuwa gram 617. A ido kusan ɗaya suke, amma wanda ya sa na 10 a gurbin na 12 ya zare kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen da ke riƙe da rufi a kan 'ya'yanmu. Kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma yana son a shayar da shi ruwa safe da yamma a makon farko. A ƙasarmu mai zafi da nisan rijiya, ruwan nan kuɗi ne. Mai ƙiyasin da bai rubuta kuɗin ruwa ba ya rubuta tsagewar bango da hannunsa.

TAKARDAR NASARA DA LAYIN DA BA A CIKA BA

Wannan cuta tana da asali. A watan Mayu na 1899 sojojin Bule da Shanuwan suka ƙone Birnin Ƙonni suka karkashe mutanenta. Mulkin da ya biyo bayan wannan wuta ya gina bariki da hanyoyi da gidajen kwamanda, kuma shi ma yana da masu ƙiyasinsa. Suna rubuta kuɗin kwano da ƙusa da siminti da aka ɗauko daga Faransa daki-daki. Layin guminmu kuwa kusan fayau yake, domin kakanninmu ne aka kama aikin tilas suna ɗaukar dutse a ka, su bar gonakinsu ciyawa ta cinye. Sai ran 11 ga Afrilu 1946 aka yi dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. A shekarar ce kuma aka kafa asusun FIDES na ayyukan raya ƙasa, wanda manyan kwangilolinsa suka fi faɗawa hannun kamfanonin Faransa, ƙiyasi da Faransanci, awo da Faransanci, biya a hannun Bafaranshe.

Mun karɓi mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, amma takardar ƙiyasi ba ta canja harshe ba, kuma ba ta bar aljihun tebur ba. Har layin nan da ba a cikawa ya dawo da sabuwar riga. Sau nawa aka tara gari aka ce jama'a su ba da tasu gudummawa, maza su kawo yashi da tsakuwa a amalanke, mata su jawo ruwa? Gayya abu ne mai kyau, gadonmu ce. Amma wa ya taɓa nuna muku ko yashin nan da ruwan nan an rubuta musu kuɗi a cikin takarda? In an rubuta, kuma ku kuka kawo kyauta, to aljihun wa kuɗin ya shiga? Gayyar da wani ya karɓi ladanta a ofis aikin tilas ce, ko da ba a ɗaga bulala ba.

DUTSEN NAMU, FARASHIN NA WANI

Allah ya ajiye farar ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Tun 1966 masana'antar Malbaza ke fitar da siminti, kuma sabuwar da ta gaje ta an gina ta da ƙarfin tan 650,000 a shekara. A ƙetaren iyaka ga masana'antar Kalambaina a Sakkwato. Daga Malbaza zuwa Ƙonni bai kai kilomita 50 ba, daga Ƙonni zuwa Yamai kuwa ya haura 400. Saboda haka mai ƙiyasin da ya kwafo farashin babban birni ya manna wa ginin Bazaga, bai fito ya tambayi kasuwa ba, ko dai rago ne ko kuwa yana da abokin rabo.

Farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya, mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sani. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Aka sake rufe ta a 2023 har zuwa Maris 2024, kuma rufe gadar Gaya a 2023 ya sa kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. A Oktoba 2024, bayan ambaliya, hukuma ta sa aka rage kuɗin siminti da wajen kashi 35 cikin 100. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana shafar takardar ƙiyasi. Abin da muka lura shi ne, in farashi ya hau, nan da nan ake dawowa neman ciko. In ya sauka fa, wa ke dawo wa baitulmali da rara? Ƙiyasin gaskiya yana ɗauke da ranar da aka yi shi da kasuwar da aka tambaya, don a san abin da za a ƙara da abin da za a rage.

ARAHA BA TA ADO

Kada wani ya fahimce mu a karkace, ya ce muna so a ba wa wanda ya fi kowa araha. Ƙiyasin da ya gaza shi ma ƙarya ne. In aiki na miliyan 10 ne, wani ya ce zai yi a miliyan 6, ɗayan uku ne: ko ya rage siminti da rodi, ko ya hana leburori haƙƙinsu, ko ya karɓi kuɗin somin aiki ya tayar da bango zuwa linta ya gudu. Ku duba garuruwanmu, kangon da akuya ke kwana a ciki ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Amfanin mai ƙiyasi na hukuma shi ne ya riga kowa sanin farashin gaskiya, domin in tayi ya zo a sama ƙwarai ya ce an kumbura, in ya zo a ƙasa ƙwarai ya ce wannan ba zai gama ba.

Akwai kuma kuɗin da ake mantawa da gangan, wato kuɗin gyara. Aikin noman rani na Ƙonni, da madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, an yi shi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, ya shayar da fiye da eka dubu biyu ta awon hekta. Da shekaru suka tafi, laka ta cika madatsai, magudanai suka farfashe, har sai da aka sa gyaransa cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da aka ƙulla da Amurka a 2016. Wanda ya ƙiyasta ginawa bai ƙiyasta riƙewa ba ya bar wa na baya bashi. Ajin da ba a ware masa kuɗin sauya kwano da toshe tsaga ba, shekara goma ya koma kango.

ABIN DA KE KAN FAIFAI

Wani zai ce buhu arba'in ne kawai, me ya yi zafi? Ku saurara. Ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara 20 suka ƙone. Ran 8 ga Nuwamba 2021 aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka tafi. A lokacin hukuma da bakinta ta ce akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar nan. In aka kumbura kuɗin kowane aji da kashi ɗaya cikin huɗu, kuɗin aji biyar zai gina huɗu ne kawai, yaran aji na biyar su ci gaba da zama a ƙarƙashin kara. A damina ta 2024 ruwa ya kashe fiye da mutum 300, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Duk abin da ya rushe sai an sake gina shi, kuma kowane gini zai bi ta kan teburin mai ƙiyasi.

Kada kuma ku ɗauka kumbura takarda ƙaramin laifi ne na ƙananan ma'aikata. Binciken da ya fito a 2020 kan sayayyar ma'aikatar tsaro ya yi maganar asarar wajen sefa biliyan 76 ta hanyar ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba. Dabarar ɗaya ce daga jirgin sama har zuwa bulon Bazaga: a rubuta abin da ba haka ba, a ɓoye takardar, a sami mai sa hannu.

MAGINANMU SUN SAN ƘIYASI TUN KAFIN BIRO

Wani abin takaici shi ne takardun nan ba su san ƙasa ba sai siminti. A nan cikin yankin Illela, a garin Yama, Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da tubalin ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo ƙasa da ruwa da itace, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Daga 1975 ya sake masa rufi da bakan gizo ya tayar da hasumiyoyi, a 1986 kuma aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda duniya ke girmamawa. Mutumin da ya jagoranci irin wannan aiki dole ya san tubali nawa zai ci, kwana nawa zai sha rana, mutum nawa za a kira gayya, da watan da za a tsaya kafin ruwa ya sauko. Wannan shi ne ƙiyasi, ko da a ka aka riƙe shi. A Dandaji kuma, a 2018, Mariyama Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Ismaili sun gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu, da hannun maginan yankin.

To, don me takardar ƙiyasi ba za ta zo da farashi biyu ba, na bulon siminti da na tubalin ƙasa matsattse, jama'a su gani su zaɓa? Ɗakin ƙasa ya fi sanyi a watan Afrilu, kuma kuɗinsa a gari yake zama, a hannun mai amalanke da mai bugun tubali. Yana son harsashi mai kyau da rufi mai baki da shafe a kan kari, kuma duk wannan ana iya ƙidaya shi. Mai ƙiyasin da bai iya sa wa kayan ƙasarsa farashi ba, rabin aikinsa ya koya.

AMSA GA MASU CEWA A BARI

Za su ce talaka bai san lissafi ba. Wane talaka? Ɗan kasuwar Galmi da ke loda albasa zuwa Abijan da Ankara, yana riƙe da kuɗin buhu da na mota da na kwastan da na ruɓewa a kansa? Ko ɗan canjin Ƙonni da ke juya naira zuwa sefa kafin ka rufe baki? Ko uwar gida da ke raba tiya ɗaya ta ciyar da mutum goma? Abin da ya hana talaka ganewa shi ne harshen da aka rubuta takardar da makullin da aka sa mata.

Za su ce ƙiyasi ba ya taɓa yin daidai, har a ƙasashen Turawa. Gaskiya ne akwai aikin da ke wuce tsammani. Babban gidan wasan Sidni a Ostareliya an ƙiyasta shi dala miliyan 7, da aka buɗe shi a 1973 ya ci miliyan 102. Amma wannan gini ne da ba a taɓa yin irinsa ba. Ajin mita 9 da 7 kuwa an gina dubbai a ƙasar nan, babu wani asiri da ya rage a cikinsa. In an tarar da dutse a ramin harsashi, ko ƙasa mai kumburi irin ta fadama, a faɗa, a auna a gaban shaidu, a biya.

Za su ce akwai hukumomin bincike. Gaskiya ne an kafa HALCIA a 2011, aka kafa COLDEFF a 2023. Amma mai bincike daga Yamai yana zuwa ne bayan an shafe bango, ba zai ga rodin da ke cikin ginshiƙi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idon da zai hana sata shi ne wanda ke tsaye ran da ake kwaɓa kankare.

Za su ce muna zubar da mutuncin ma'aikata. Mun san akwai masu ƙiyasi na Allah, waɗanda aka kai wa ambulan suka mayar, aka yi musu barazanar canjin wurin aiki suka tsaya. Irin waɗannan su ne suka fi kowa buƙatar a kafe takarda a bango, domin ran da mai gidansu ya ce su ƙara sifiri, sai su ce ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba, mutanen kasuwa za su karanta.

ABIN DA MUKE NEMA

Na 1. Duk ginin da za a yi da kuɗin jama'a, a kafe takardar ƙiyasinsa a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma da bakin aiki, layi-layi, da Faransanci da Hausa, boko da ajami, kuma a karanta ta a rediyon gari kafin a fara.

Na 2. Sunan wanda ya yi ƙiyasi ya fito a kan allon aiki tare da na ɗan kwangila, da jimlar kuɗi, da ranar farawa da ta gamawa.

Na 3. Wanda ya yi wa hukuma ƙiyasi kada ya zama shi ne ya cika wa ɗan kwangila takardar tayi, ko a fili ko a ɓoye. Ba a ba kura ajiyar nama.

Na 4. Abin da jama'a suka kawo na yashi da tsakuwa da ruwa da gumi a rubuta shi da kuɗinsa, a cire daga abin da za a biya ɗan kwangila.

Na 5. Kowane gari ya zaɓi mutum biyar, da magini da malamin makaranta da mace aƙalla ɗaya a cikinsu, su ƙidaya buhunan da suka sauka, su ga rodi kafin a rufe shi, su sa hannu kafin a biya kowane kaso.

Na 6. Kason da doka ta yarda a riƙe, har kashi 5 cikin 100, kada a sake shi sai ginin ya shekara, ya ga damina, jama'a sun shaida bai tsage ba.

Na 7. A tura 'ya'yanmu maza da mata su koyi awo da ƙiyasi, a makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da makarantar EMIG a Yamai, da sauran wuraren koyon sana'a, kowace ƙaramar hukuma ta sami nata mai ƙiyasi wanda zai ji kunyar garinsu. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun kafa ƙungiyar masu wannan sana'a tun 1969, ana kuma koyar da ita a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da suka iya ba zai gagare mu ba.

AIKIN RASSA

Kada ku jira izini daga sama. Kowane reshe ya sayi ma'aunin mita da littafi ɗaya. Ku rubuta farashin siminti da rodi da kwano da motar yashi a kasuwarku kowane wata, ku aiko mana, mu haɗa na Bazaga da na Malbaza da na Illela mu buga a wannan takarda. Ku auna ajin da aka gina muku na ƙarshe, ku ƙidaya bulonsa, ku je ofis cikin ladabi ku nemi a nuna muku abin da aka biya. Ban da zagi, ban da ƙazafi, ban da kiran sunan kowa da ɓarawo sai da lissafi a hannu. In aka nuna muku kuka ga daidai ne, ku yi godiya a bainar jama'a, ku yabi ma'aikacin. In aka hana ku gani, ku rubuta ranar da wanda ya hana, ku koma mako mai zuwa da mutum goma.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Kuɗin jama'a, lissafin jama'a!
A kafe ƙiyasi a bango!
Allah ya taimaki talakawa, ya ba mu ma'aikata masu tsoronsa. Amin.